Yayana Ya Kunna Sirrina A Zaure

Zuwa ga Malam Zailani,

Assalamu alaikum. Don Allah Malam ka agaza mini da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani, don wallahi raina a ɓace nake wannan rubutu.

Ni maɗinkin manyan riguna ne a Limancin Kona, cikin birnin Zariya, shekaruna hamsin da ɗaya. Matata Sailuba ta rasu shekara uku da suka wuce, bayan zaman shekara ashirin da huɗu. Zazzaɓi ne na kwana biyar. Ran da ta cika ina Kaduna, na kai wa wani Alhaji aikinsa, don ita da bakinta ta ce ta ji sauƙi, in tafi. Na dawo na tarar da tabarmi a ƙofar gida, har an kai ta. Ko fuskarta ban gani ba.

Tun daga ranar ban ƙara zama mutum ba. Sai in ɗora riga a cinya tun hantsi har azahar ban soka allura sau ɗaya ba. Abinci kuwa sai 'yata Hauwa ta taso daga gidan mijinta ta tsare ni.

Ba abin da ba a yi mini ba. Yayana Nasidi, wanda shi ne babba a gidanmu, ya sa na sha rubutu kwarya-kwarya. An lulluɓe ni da bargo an turara mini hayaƙi har na kusa shiɗewa. An kai ni wani ƙauye bayan Kufena, mai magani ya ba ni sassaƙen da ya kwantar da ni kwana uku. Sau huɗu ana kawo mini maganar aure, wai namiji ba ya takaba. Ban da auren, duk na bi ban yi musu ba. Amma ko mutum ɗaya bai taɓa zama ya ce in ba shi labarinta ba. Da na ambaci sunanta sai a ce, "Haƙuri, haƙuri," a ɗauko zancen tsadar taki.

Bara bayan babbar sallah, Malam Harold ya zo duba ni. Mutumin Wusasa ne, tsohon nas da ya yi ritaya, na daɗe ina yi masa ɗinki. Ya saurare ni har aka kira la'asar, sannan ya ce magana ce ta taru a cikina ta rasa mafita. Ya ara mini rakodarsa, ya ce in riƙa rufe ɗaki ina faɗin duk abin da ban samu na faɗa ba, kamar yadda ake yi wa 'yan'uwa mazauna Makka saƙon kaset. Na ɗauki abin wasan yara. Ranar farko gyaran murya kawai na yi na kashe. Rana ta uku na yi kukan da ban yi ba ranar zaman makoki. Na nemi gafarar Sailuba a kan tafiyata Kaduna. Na tuna yadda take ɓoye mini zare in na ƙi tashi cin tuwo, da faɗan da muka yi a kan wata akuya har kwana biyu ba ma magana. Cikin wata bakwai na cika kaset goma sha ɗaya. Malam, na dawo ina ci, ina barci, har na gama wata riga mai aikin aska takwas da ta daɗe a rataye.

Ranar Talatar da ta wuce na tafi kasuwa sayen zare. Ina dawowa na ji muryata tana tashi daga zaure. Nasidi ne ya shiga ɗakina ya kwashe kaset ɗin, ya tara ƙannenmu biyu da maƙwabta uku ya kunna musu. Daidai wurin da nake kuka ina kiran ta da sunan da ni kaɗai nake kiran ta da shi. Wani ya sunkuyar da kai, wani yana danne dariya da hula. Nasidi ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Da matacciya yake hira, kuma Kirista ne ya koya masa." Ya kulle kaset ɗin a adakarsa, ya aika wa Malam Harold kada ya sake taka ƙofar gidanmu, ya ce ni kuma za a mayar da ni ƙauyen nan ko da ɗauri ne.

To Malam, lokacin da nake bushewa a gabansu lafiyata ƙalau, sai yanzu da na miƙe na zama mahaukaci? Salla ba ta wuce ni, kuma na san Sailuba ba ta ji na. Wa ya ba shi ikon tsiraita ni a gaban maƙwabta? Na ƙudura in kai shi gaban alƙali, in ja katanga tsakanin sashena da nasa, ko jana'izata kada ya zo. Hauwa tana ta kuka tana roƙona. Me zan yi?

Mai Allura, Limancin Kona.

AMSA

Wa alaikumus salam, Mai Allura. Allah ya jiƙan Malama Sailuba.

Fushinka yana kan hanya. Ni kaina da na karanta wasiƙarka sai da na ajiye ta na miƙe tsaye. Shiga ɗakin magidanci a bayan idonsa, da baje sirrin aurensa a zaure, cin mutunci ne, kuma girman shekaru bai halatta shi ba. Wanda ya yi dariyar nan ma ya ji kunya. Baƙin ciki mai tsawo ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Annabi Yakubu ya yi kukan ɗansa har idonsa ya tafi, ba wanda ya ɗaure shi. Shawarar Malam Harold kuwa shawarar ma'aikacin lafiya ce. Mun sha karɓar allura daga hannun irinsu, ba mu taɓa tambayar addinin allurar ba.

Amma ka dubi yayanka da ido na biyu. Shekara uku yana kallon ƙaninsa yana ƙarewa, ya yi ta faɗi-tashi da iyakar abin da ya sani. Sannan ya ji ka rufe ɗaki kana magana kai kaɗai, kai kuma ba ka gaya wa kowa dalili ba. Tsoro ne ya kai shi, rashin dabara ya ƙarasa. A ɓoyewar nan kana da naka kason.

Ka bar maganar alƙali. A kotu sai an sake kunna kaset ɗin, wannan karon a gaban duk birni. Katanga kuma saurin ginawa gare ta, rushe ta ne aiki. Ka sami limamin unguwarku ko wani dattijo da Nasidi yake jin nauyinsa, ka warware masa komai, ya karɓo maka kayanka, ya kuma faɗa wa Nasidi a gaban waɗancan mutane biyar cewa ya yi kuskure. Ƙauyen nan kada ka koma. In suna shakkar lafiyarka, ka ce ku je asibiti tare likita ya duba ka. Ka taka da ƙafarka har Wusasa ka ba Malam Harold haƙuri, don alheri ya yi aka saka masa da kora.

Rakoda sanda ce ta mai jinya, ana dogara ta ne har ƙafa ta yi ƙwari. Ka ci gaba in kana buƙata, ka riƙa rufewa da yi wa marigayiyar addu'a, amma ka fara rage kwanakin. Abin da ya rage a bakinka ka kai shi kunnen mai rai. Ka kira Hauwa ku zauna, ka ba ta labarin mahaifiyarta, ka bar ta ita ma ta ba ka nata. Uwa ta rasa, kuma ban ga inda wasiƙarka ta ce wani ya tambaye ta yadda take ji ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita tsakaninka da ɗan'uwanka.

Malam Zailani