Alkyabbar da Ba Ni Na Saƙa Ba

Tala Mellal, 8 ga Yuli, 1963

Yayana Akli,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, tarin nan ya sake ka, aikin masana'anta a Faransa kuma bai fi ƙarfinka ba. Mu nan mun gode Allah.

Yaya, ranar Juma'a aka sauko da ƙasusuwan mayaƙanmu daga dutse, akwati bakwai, kowanne lulluɓe da tuta. Aka nuna mini na huɗu, aka ce ɗana Meziyan ne. Na roƙa aka buɗe. Ina ɗora hannu a kan guntun alkyabbar da ke ciki na san ba ɗana ba ne. Ni na saƙa wa Meziyan tasa, na rufe bakinta da jan zare uku yadda Inna ta koya mini. Wannan shuɗin zare gare ta, saƙar kuma ta fi tawa matsi. Hannun wata uwa ne.

Na faɗa wa Si Lunis, shugaban kwamitin gari. Ya ce, "Haba Dahbiya, duk 'ya'yan Aljeriya ne, kada ki ɓata mana biki." Na ce masa, "Kai da ka yi shekara bakwai na yaƙi a bayan kanta kana auna sukari, ba kai za ka gaya mini ɗana ba." Mata suka yi ta ja mini zane.

An binne yaron da sunan Meziyan. Na yi masa kuka, don ba shi da kowa a wurin. Amma guntun alkyabbar yana hannuna.

Ƙanwarka,
Dahbiya

20 ga Oktoba, 1963

Yayana Akli,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na ga wasiƙarka. Ka ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na bar masa, amma ƙafata ba ta daina tafiya ba.

Gari shida na zaga ina nuna wa masu saƙa guntun nan. Hanya ta sake cika da soja, sai dai yanzu namu ne suke harbin namu. Wani ya tare ni yana tambayar takarda, yaron da na san kakarsa. Na ce, "Ɗan nan, Faransawa ma sun gaji da ni sun tafi." Ya yi dariya ya bar ni na wuce.

Ka tuna Arezki, abokin Meziyan, wanda ya dawo da hannu ɗaya? Ya zo ina shanya ɓaure, ya zauna ya kasa kallona. Ya ce ba Faransawa suka kashe Meziyan ba. A shekara ta huɗu ta yaƙi manyan mayaƙanmu suka shiga zargin duk wanda ya yi makaranta da leƙen asiri. Meziyan ya iya karatu, laifinsa ke nan, namu suka kashe shi. Ni ce fa na sa shi makarantar, Yaya. Arezki ne ya haƙa masa rami kusa da wani kogo. Saboda zargin nan ba wanda ya je ɗauko shi, suka cika mini akwati da wani.

Kwana uku ban ci abinci ba. Na huɗu na tashi na dafa kuskus, don mai tafiya sai da ƙarfi.

Taka,
Dahbiya

2 ga Janairu, 1964

Yayana Akli,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da sanyin can.

Na same ta, uwar da ta saƙa alkyabbar. Sunanta Sakura, tsohuwa ce a wani ƙauye bayan kogi. Na miƙa mata guntun. Ta juya bakinsa, ta shinshina, ta ce, "Wayyo Idir." Shekara biyar tana jiran ɗan nata ya shigo. Muka zauna a tabarma ɗaya har la'asar. Da zan tafi ta ce, "'Yar'uwa, saƙarki ko tawa, duk ba su hana sanyi ba."

Na kawo ta kan kabarin. Si Lunis ya ce ba za a sauya suna a kan dutsen ba, wai magana za ta yi yawa. Ta yi yawa mana. Kowace Juma'a ni da Sakura muna zuwa ƙofar kwamiti mu zauna. Yanzu mata huɗu sun bi mu, kowacce da nata tambayar.

Ni ban nemi a kama kowa ba. Ina so a rubuta Idir a kabarin Idir, a kwantar da ɗana cikin abokansa, a faɗa a bainar jama'a cewa bai ci amanar ƙasarsa ba.

Arezki ya rantse zai kai ni kogon in ƙanƙara ta narke. Na karɓo fartanya da jaki wurin maƙwabta. In za ka iya zuwa, ka zo. In ba ka iya ba, zan hau ni da shi.

Ka gaida duk 'yan garinmu da ke can. Meziyan yana kan dutse har yanzu, ban kawo shi gida ba.

Ƙanwarka,
Dahbiya