Yayana Ya Suma a Ƙarƙashin Ruwa, Ya Ce In Yi Shiru

Goggo Wa Rumi, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar da za a yi gasa, kaina ya ɗaure.

Ni da yayana La Bauna tun tasowarmu a nan tsibirin Tomia tare muke nutso. A gasar farautar kifi da mashi bibbiyu ake shiga: ɗaya ya nutsa, ɗaya ya tsaya a sama idonsa na kansa. Bara mutanen tsibirin Kaledupa suka kayar da mu. Har yau in sun gan shi a kasuwa sai su ce, "Dattijo, zo mu sam maka kifi, tunda mashinka ya makance." Dariya yake yi, amma na san abin yana cinsa.

Makon jiya muna gwaji a bakin duwatsun murjani, ya harbi wani ƙaton kifi, kifin ya shige rami da mashin. Maimakon ya saki, sai ya tsaya ja. Da ya taso, saura ƙiris ya iso sama, na ga hannayensa sun saki, ya fara komawa ƙasa. Na bi shi, na kwance masa ɗamarar dalmar da ke ƙara masa nauyi, na fito da shi. Leɓɓansa sun yi baƙi. Na yi ta hura masa iska a fuska ina kiran sunansa kafin ya ja numfashi. A cikin kwalekwale ya yi tari, na ga jini.

Shi ya rantse bai suma ba, wai hutawa ya yi. Ya ce in na kai maganar wurin alƙalan gasa, to in nemi wani yayan. In kuma na janye, zai ɗauki La Dumu, mutumin da in ya hango kifi yake mantawa da abokin nutsonsa. Jiya matar yayan nawa, Wa Ampe, ta kawo mana tuwon rogo da romon kifi, tana tambayata me ya hana ni ci. Na kasa haɗa ido da ita. Goggo, in na yi magana na rasa shi, in na yi shiru ma ina tsoron in rasa shi.

Ƙanin mai nutso, Tomia

*

Ɗana, sannu da wannan tashin hankali. Allah ya yi maka albarka da ba ka ɗauke ido ba.

Yayanka ba ƙarya yake maka ba. Wanda ya suma a ruwa sau da yawa ba ya tuna komai, shi ya sa ake ajiye mutum a sama. Gorin da ake masa kuma yana da zafi, kada ka raina shi. Amma suma ga tarin jini ba abin da za a ɓoye ba ne. Sai likita ya duba huhunsa kafin ya sake nutso, ko da na kamun cefanen gida ne.

Kada ka zagaye shi. Ka same shi yau, ka faɗa masa abin da idonka ya gani, dalla-dalla, har da launin leɓɓansa. Ka ce ku je asibiti tare, shi da bakinsa ya janye daga gasar, mutuncinsa na nan. In ya ƙi, ka sanar da shi cewa za ka gaya wa Wa Ampe da alƙalan, sannan ka je ka gaya musu. Janyewarka kai kaɗai ba ta isa ba, tunda La Dumu na jira.

In ya warke kuka koma ruwa, ku yi yarjejeniya: kifin da ya shige rami a bar masa mashin, kuma ba mai nutsawa sai ɗan'uwansa ya huta yana kallo.

Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe bai kula ka ba. Ka jure. Mai fushi da kai yana numfashi.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyarsa, ya tsare ku a teku.

Goggo Wa Rumi