Baba, Kai Da Sulun Ƙanƙara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, ya mahaifina.

Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya take yi wa uba, tare da fatan kana cikin ni'ima a makwancinka, ina rubuta maka wannan takarda ne duk da na san ba hannunka za ta shiga ba. Jikokinka ne suka matsa mini da tambayar inda na samo tabon da ke haɓata. Na fara ba su labari da Larabci, don shi suka fi ji, sai na ga labarin ya ƙi zama. Da Hausa ka ba ni shi, da Hausa kuma zan mayar maka.

Ka san yadda na taso. Shan inna ya kama ni ina ƙarama, ya tafi da ƙafafuna biyu, ya bar mini hannuwa da baki. Muna haya a unguwar Anbariyya ta Madina, a ɗakin sama mai tagar katako, kuma a bakin tagar nan na yi yawancin ƙuruciyata. Da safe sai in leƙa in ga 'yan matan unguwa sun wuce madarasa da jakunkunansu. Na kai shekarun shiga aji har na wuce, ban taɓa zama a kan benci ba. Umma ba ƙeta take yi mini ba, tsoro take ji. Tana tsoron idon mutane, tana tsoron bakin yara, ga shi na yi nauyin da ba za ta iya goya ni har makaranta ba.

Kai kuwa kana aikin injuna a masana'antar ƙanƙara da ke kan hanyar Jurf, inda ake daskarar da manyan tubalan da ake kai wa alhazai. A garin da kwalta ke laushi da rana, kai kaɗai ne kake dawowa gida da yatsu a sandare. Abokanka na masallaci har tsokanarka suke yi, wai duk Madina babu mai jin sanyi sai kai.

A ƙarshen shekarun saba'in masu masana'antar suka sayo sababbin injuna daga Jamus, suka tura ka can ka koyo gyaransu. Tafiyar ta faɗo a tsakiyar sanyinsu. Na tuna Umma tana cusa maka dabino da yaji a jaka, tana cewa wa ya san abin da mutanen can suke ci.

Da ka dawo, mun zaci labarin injuna za mu sha. Ko sau ɗaya ba ka yi shi ba. Ka zauna a kan tabarma da shayi a gabanka, ni da Umma da Yaya Hamza mun kewaye ka, ka fara ba mu labarin wani wasa.

Ka ce wata rana malaminku ya kwashe ku zuwa gindin wani dutse don ku ga inda ake amfani da irin injunanku. Can kuka tarar da wata hanya ta siminti mai kama da magudanar ruwa, ta taso daga saman dutse tana lanƙwasa kamar maciji. An binne bututan amoniya masu sanyaya ruwa a cikinta, irin waɗanda kake gyarawa kullum, su ne suke riƙe ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kai. Kana tsaye kana duba bututan sai wani abu ya wuce ta gabanka da mutum huɗu a ciki, kafin ka ɗaga kai ya ɓace. Suna ce masa bob. Kai ka raɗa masa sulun ƙanƙara, don ka ce ba shi da bambanci da sulun da yara ke yi a gangare, sai dai wannan manya ne ke yi, kuma da ransu suke wasa.

Wani tsoho mai share hanyar ne ya ba ku tarihinsa, tafinta yana juyawa. Ka ce tun fil azal mutanen ƙasashen sanyi suna da katakon da suke jan kaya a kan dusar ƙanƙara, yadda mu muke da jaki. Ba wanda ya ɗauke shi wasa sai da wani mai masauki a duwatsun Suwizalan ya lallashi baƙinsa Turawan Ingila su zauna su ga sanyin garin. Zaman banza ya ishe su, suka ari katakon da yaran gari ke kai saƙo da shi, suka riƙa gangarowa ta tsakiyar titi suna banke masu tafiya a ƙasa. Mutanen gari suka yi ƙorafi. Dole aka yi wa abin sitiyari, aka kuma gina musu hanyarsu daban. A nan Umma ta ce, "To ai masu kuɗi ko'ina haka suke." Ka yi dariya har shayi ya sarƙe ka.

Ka ce daga nan wasan ya rabu gida-gida. Akwai mai kwanciya rub da ciki, kai a gaba, haɓa tana kusan gogar ƙanƙara. Akwai mai kwanciya rigingine, ƙafa a gaba. Sai kuma wanda aka haɗa katako biyu da allo don ya ɗauki jama'a, shi ne bob. Da can na itace ne, daga baya aka koma ƙarfe. Akwai lokacin da ƙattai masu ƙiba suka mamaye gasar saboda nauyi yana ƙara gudu, har aka sa doka a kan nauyin. Sannan ka dube ni ka ce a farkon abin har mata suna hawa tare da maza, daga baya ne aka ce ya fi ƙarfinsu.

Sai da muka matsa maka ka yarda cewa kai ma ka hau. Sun sa maka hular kwano, sun cusa ka a tsakiya tsakanin direba da mai birki. Ka ce ka fara Ayatul Kursiyyu a saman dutse, ka tsinci kanka a ƙasa ba ka san inda ka tsaya ba. Yaya Hamza ya yi ta birgima a ƙasa don dariya.

Kai ba dariya kake yi ba a lokacin. Ka ce duk tsoron da ka ji, idonka yana kan direban. Da zarar an tura abin an shige ciki, ƙafar kowa ta gama aiki. Igiya biyu ce a hannunsa, in ya ja ta dama abin ya yi dama. Na tuna kalmominka kamar yau: "Ma'u, na ga wasan da hannu da ido ke tuƙi. Waɗannan kuwa kina da su."

Daga ranar, in ka tashi aiki sai ka zarce unguwar Sultana, warshar abokinka Usta Abakar, wato shagon aikinsa, mai walda ɗan Cadi. Ka haɗa katakon akwatin injuna da guntayen bututu, ka yi wurin zama mai jingina, ka ɗaura igiya biyu a tayoyin gaba, ka kafa ƙarfen turawa a baya. Da farko boris ka sa a matsayin taya, sai ƙara ta yi yawa kuma yana nutsewa a yashi, ka cire ka sa tayoyin tsohon keken jarirai. Ka shafe shi da shuɗin fenti wanda ya saura a warshar.

Ranar da ka hauro da shi gida, Umma ta juya baya. Ta ce, "Abin da ya same ta bai isa ba, sai ka mai da ita abin kallo?" Ba ka yi musu da ita ba. Ka ce ta ba ka Juma'a ɗaya kawai, kuma ta zo ta gani da idonta.

Muka tafi Jurf bayan la'asar, gonar dabinon wani ɗan'uwanka inda hanya ke gangarowa ta lanƙwasa a gefen katanga. Ka ɗora ni, ka sa igiyoyin a hannuna, ka nuna mini yadda ake ja. Yaya Hamza ya kama ƙarfen baya, ka ce masa yalla, ya sheƙa da gudu ya sake ni.

Baba, ban taɓa gaya maka abin da na ji ba. Tun da nake, duk inda na je wani ne ya ɗauke ni ya ajiye. Ranar ce farkon da iska ta bugi fuskata saboda ni ce ke tafiya. Na yi ihu, ban san ina da murya haka ba.

Sai kwanar ta zo. Na ga katanga, na zuba mata ido, na ja igiyar da ƙarfin tsiya. Abin ya kife, haɓata ta daki dutse, jini ya ɓata mini riga. Kai ka riga kowa isowa, fuskarka ta canza, amma muryarka ba ta nuna ba. Ka tambaye ni me nake kallo kafin in faɗi. Na ce katanga. Ka ce tsohon nan ya gaya muku direba ba ya jan igiya da ƙarfi, kuma hanyar fita yake kallo tun kafin ya shiga kwana.

Umma ta zo ta karɓe ni daga hannunka. Ta wanke ciwon da ruwan rijiyar gonar, ta danne da gefen mayafinta. Na tabbata an gama, abin zai koma Sultana a sayar da ƙarfensa. Da jinin ya tsaya sai ta tambaye ni a hankali ko ihun da na yi na tsoro ne. Na ce a'a. Ta daɗe tana kallon gangaren. Daga nan ta ce da kai, "In za a yi, a yi da kyau. Wannan katakon zai ci mata baya, sai na ɗinka masa matashi." Kafin magariba na sake gangarowa, na wuce kwanar lafiya.

Bayan nan ba a daɗe ba ka je ka ga mudira, shugabar makarantar 'yan mata. Ta damu da matattakala, don ajin farko a sama yake, amma da ta ga ka ƙi tashi daga kujerar ofishinta sai ta sauko da ajin ƙasa. Kowace safiya Yaya Hamza yana tura ni a kan sulun ta lungunan Anbariyya kafin ya wuce tasa makarantar, ni kuma ina kauce wa ramuka da akuyoyi. Yara sun yi mini dariya, ba zan ɓoye maka ba, na sha kuka a makon farko. Amma ba a jima ba suka fara roƙon in ɗana musu, ni ke zaɓen wadda za ta hau. Na fi kowa shekaru a ajin, hakan bai hana ni cim musu ba. Daga baya ka sayo mini keken guragu na gaske, na ƙare karatu a kansa, na koma makarantar nan ina koyarwa, yara suna ce mini Abla Asma'u, wato Malama Asma'u.

A ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da ciwo ya kwantar da kai, Yaya Hamza ya shigo da wani kaset na bidiyo da ya samo a Sultana, na gasar wasannin sanyi ta duniya. Muna kallo sai ga wasu samari baƙaƙen fata daga Jamaika, ƙasar da dusar ƙanƙara ba ta taɓa sauka, suna tura nasu bob ɗin. Ka yunƙura ka zauna, abin da ka daɗe ba ka yi da kanka ba. A wata kwana abin ya kife da su, ya yi ta jan su a kan ƙanƙara, Umma tana salati. Da ya tsaya suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka taka da ƙafa har ƙarshen hanyar, jama'a suna tafa musu. Ka share hawaye da hannun riga ka ce, "Waɗannan za su dawo. Wanda ya fito da kansa yakan dawo." Ba ka ga dawowar ba, amma sun dawo, Baba.

Akwai sauran labarai da suka faru a bayanka. An mayar wa mata wurinsu a wasan. Har wasu 'yan mata 'yan asalin Nijeriya, ƙasar kakanninmu, sun shiga babbar gasar. Yanzu kuma akwai rukunin waɗanda ƙafafunsu ba sa aiki, kowa shi kaɗai a nasa, ya zauna ya tuƙa. Ranar da ɗan Yaya Hamza ya nuna mini su a waya, na kasa cin abincin rana.

Shi wannan yaron injiniya ne yanzu, aiki yakan kai shi Jamus. Ya nemo wurin da ka je, ya ce hanyar tana nan. Ya yi mana biza ni da babansa, za mu tafi in sanyinsu ya shiga, in Allah Ya yarda. Likita ya ce kada in kuskura in hau, ƙashin bayana ba zai ɗauka ba, na kuma ji maganarsa. Ba hawa zai kai ni ba. A duk labaran da ka ba mu, abu ɗaya ne kakan fara ka bari, wato ƙarar da yake yi in ya wuce. Kakan buɗe baki za ka kwaikwaya, sai ka girgiza kai ka ce wannan sai mutum ya je da kunnensa. To zan je da nawa. Zan sa su ajiye ni a gefen kwana mafi tsanani, in cire abin rufe kunne, in jira.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya jiƙan Umma. Ya sanyaya makwancinku kamar yadda ka sanyaya wa baƙin Manzonsa ruwan sha. Ya sa ku ƙetare siraɗi cikin sauƙi, Ya haɗa mu a inda kowa zai tashi da ƙafarsa.

'Yarka mai kewarka,
Ma'u