Hukuncin da Aka Liƙe da Leda

Maraɗi

Zuwa ga Saudat,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Khadija?

Na kai wa kotun nan hukuncin masu sasancin Kano, wanda ya ce Alhaji Lawan ya maido mana injin saƙar tabarmar da muka ba shi haya ya riƙe. Magatakarda ya juya takardar, ya ce a ina zai buga hatimi? Kin sa an liƙe ta da leda, Saudat, tawada ba ta zama a kai. Sai an kawo sabuwa da sa hannun masu sasancin, su ukun.

Ban yi fushi ba. To, na ɗan yi a tasha, amma ya wuce.

Naki,
Abdulbaqi

Panshekara

Baban Khadija,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Halinka na sani, takardar haihuwar Khadija ma da manja ka dawo da ita, shi ya sa na liƙe wannan. Amma na yi kuka da na karanta wasiƙarka.

Biyu sun sa hannu. Na ukun, Malam Gwadabe, shanyewar ɓarin jiki ta same shi, hannun dama ba ya motsi. A masaƙarmu ta Sharaɗa kuwa, cikin ma'aikata Yohanna kaɗai ya rage. Ya ce in inji bai dawo ba zuwa ƙarshen wata zai nemi aiki a Bompai, kuma ban ga laifinsa ba. In ya tafi, sai rufewa.

Ka riƙa cin abinci.

Matarka,
Saudat

Maraɗi

Saudat,

Bayan gaisuwa, kada ki matsa wa dattijo. In ta gagara mu rufe, in koma aikin fata a Challawa. Kewarki ta fi injin damuna.

Ki gaida Malam da jiki.

Abdulbaqi

Panshekara

Baban Khadija,

Ina gaisuwa. Dubiya kawai na je, ko takardar ban ɗauka ba. Malam ne ya tambaya. Ya ce hukuncin da ya yanke ba zai maƙale a bakin iyaka yana raye ba. Ya ce in dawo jibi da ita, ashe koyon sa hannu zai yi a bayan kalanda.

Ga ta nan direba ya kawo maka. Sa hannun a karkace yake, in magatakarda ya yi gardama ka gaya masa dalili. Da Malam zai miƙo min ita, sai da ya ba ni haƙuri, wai da hagu ya ba ni.

Allah ya dawo min da kai lafiya.

Saudat