Haƙoran da Aka Cire Miki

Inna,

Assalamu alaiki. Na san babu mai kai saƙo inda kike, amma maganar ta cika mini ciki, kuma ke kaɗai ta shafa.

Gida lafiya. An gama yankan riɗi a gonakin Simsim, surukinki Musa ya dawo baƙi ƙirin, ya rame kamar kara. Ni kuwa kumburin nan naki ya fito mini a muƙamuƙin hagu, daidai inda naki ya fara. Na daɗe ina rufe shi da mayafi, ina tauna ta gefe guda. Da na gaji, na je wurin likitan haƙori nan Gadarif, na ce ya cire mini, kamar yadda aka riƙa yi miki a kasuwar Doka.

Ya ƙi. Mutumin Khartum ne da yaƙi ya koro, ga layi har waje, amma sai da ya tura ni ɗaukar hoto. Ya nuna mini ƙashin, fari-fari a gindin haƙora kamar an watsa auduga. Ya ce bai cika ganin irinsa ba, ya tura wa malaminsa ta waya. Na yi ta zirga-zirga har ƙafata ta gaji. Ina duban yarana ina tunanin wa zai riƙe su.

Jiya amsa ta zo. Ba ciwon daji ba ne, Inna. Ƙashin ne yake yin haka, haƙoran lafiyarsu ƙalau. Maganinsa a ƙyale shi, a riƙa dubawa. In an cire haƙori ne ramin ke ƙin warkewa, ƙashin ya ruɓe.

Kin ji? A ƙyale shi kawai. Mu kuwa da kin ce wayyo sai mu hau mota, a cire ɗaya, mu dawo muna cewa an huta. Shekarunki na ƙarshe kunu ne abincinki. Kina cewa kin ƙoshi, idonki na kan hannuwanmu a kwano. Ban taɓa faɗa miki ba, amma ina gani.

Murna ya kamata in yi, ko? Musa ya sayo gasasshiyar masara, irin wadda kike mutuwar so. Haƙorana duka suna nan. Na kai ta baki, na kasa gatsa.

Allah Ya ji ƙanki, Ya ciyar da ke abin da muka ci a gabanki.

'Yarki,
Hajara