Aljihunan Durowar Inna

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Inna ta kafe, ba za ta dawo gidana da zama ba sai da tsohuwar durowarta, wadda marigayi Baba ya ƙera mata da hannunsa. Ga shi likita ya hana ta hawan benen gidan da take zaune yanzu. Ranar Asabar na ɗauko durowar. Aljihu biyar ne, ƙasan kowanne ya lotsa, in aka ja na sama sai ya kamo na ƙasansa. Kafintan layinmu ya ce in zare katakon ƙasan, in kife shi, in mayar cikin tsaginsa, kada gam ya taɓa shi. Na rubuta matakan a littafina. Ina jin zan iya. Ina ji dai.

A gaida yara.
Yayanki

Yaya Mai Littafi,

Wa'alaikumus salam. Kai da sai da ka karance kwalin ƙwan fitila kafin ka ɗaura shi? Don Allah a sayo mata sabuwa a huta. Ta ce in ta zo ranar Juma'a ta tarar ko aljihu ɗaya yana cijewa, motar da ta kawo ta ita za ta mayar da ita. Ka san Inna.

Allah ya ba da sa'a.
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Ƙasan aljihunan ya miƙe tsaf, wannan kam na yi. Sai dai da na ga wasu zane-zanen fensir a bayan kowanne, na ɗauka datti ne, na bi su da samfefa tas. Ashe lambobin Baba ne! Kowane aljihu da ramin da ya fere shi dominsa. Tun Litinin nake sauya musu wuri, ina rubutawa, har shafi huɗu. In biyu sun shiga, uku su ƙi. Jiya na uku ya maƙale a tsakiya, na ja, mariƙin ya biyo hannuna.

Kafinta ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Malam, kawo in kankare gefensu, duk su shige." Na hana. Aikin Baba ne. Ko kuskure na yi da na hana?

Kada ki gaya wa Inna.
Yayanki

Yaya,

Sannu da fama. Na gaya mata. Mayafinta kawai ta nema.

Auta

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ta zo, ta ce direba ya jira. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce in miƙo mata aljihunan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ta kai hanci. Mai ƙamshin turare ta ce sama, mai warin man keken ɗinki ƙasa, mai kafur tsakiya. Sauran biyun ma ta raba su. Duk suka shige sumul.

Ta ce, "Shekara arba'in ina buɗe su, ban taɓa sanin da wata lamba ba. Kai da ubanka, komai sai an rubuta."

Sannan ta leƙa taga ta sallami direba.

Na sake rubuta lambobin da fensir. Sau uku na duba.

Ki turo mata zannuwanta.
Yayanki