Na Mai da Hawayenki Abin Kallo

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randar da mai ƙishi ba ya gajiya da shi. Zuwa ga wadda sunanta ya yi wa bakina nauyi a yau, bakin nan da ya yi mata abin da maƙiyi ma sai ya yi shawara kafin ya yi.

Sallama irin ta mai kunya nake miki, wadda ake yi daga bakin ƙofa kai a sunkuye. Ina fata kina lafiya, ina fata Gwaggo tana lafiya, ko da yake na san gaisuwata ba abin da za ta ƙara mata sai ɓacin rai. Tun ranar da motarku ta bar sansaninmu ba ki ɗaga wayata ba, kuma an aiko wa yayana cewa a dakata da maganar aurenmu tukuna. Ban ga laifin kowa ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda takarda ba ta da murya, ni kuwa muryata ce ta kai ni ta baro.

Kin tuna zuwanki na farko, ya hasken gidan da ban gina ba tukuna? Ke da abokan aikinki na asibiti kuka zo hutu, aka kafa muku tantuna a gindin tsamiya, aka ce ga ɗan jagoranku. Sai ga ni, malafa a ka, sanda a hannu, baki kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace. Na kai ku inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, feshinsa ya jiƙa miki mayafi kika ƙi matsawa. Na shigar da ku kogon jemagu, ƙawarki mai tsiwa ta ƙwalla ihu ta fito da takalmi ƙafa ɗaya. Muka hau tsaunin da ake hango gonakin ƙasa biyu, kika tambaye ni wanne ne na wa, na kasa nuna miki, don shuka ba ta san iyaka ba. A hanyar dawowa biri ya fizge burodin hannunki, kika yi dariya har da riƙe ciki. Wallahi tun daga dariyar nan ban ƙara mallakar kaina ba!

Washegari muka gangara kogin da ya raba ƙasarmu da ta maƙwabta. Sauran suka shiga kwale-kwale za su kallon dorina, ke kika ce jiri yake sa ki. Da suka yi nisa sai kika tuɓe takalmi, kika ratsa ruwa zuwa faffaɗan dutsen nan na tsakiyar mashigi, inda turken siminti na iyaka yake. Kika zauna kina kallon tsallake, na tsaya a gefe ina riƙe da takalmanki kamar wawa. Can sai na ga hawaye. Kika ce mahaifiyarki mutumiyar can tsallake ce, kina ƙarama aka samu saɓanin da har yau ba wanda ya gaya miki sanadinsa, ta haye ruwan nan ba ta dawo ba. Kika ce ba ki san ko tana raye ba, kuma abin da kike iya tunawa kawai shi ne ƙamshin hayaƙi a zaninta in ta goya ki. “Ban taɓa gaya wa kowa ba,” in ji ki, “ko Gwaggo da ta raine ni ba ta san ina tunawa ba.” Ba ki ce in riƙe miki amana ba. Wa zai ce wa mutumin kirki ya riƙe irin wannan?

Yanzu bari in gaya miki yadda aikinmu yake, ba don ya wanke ni ba, sai don ki san ta ƙofar da shaiɗan ya shigo. Ɗan jagora ba wuri yake nunawa ba, labari yake nunawa. Dutse ko'ina akwai shi, ba wanda zai baro gidansa ya kwana a tanti, sauro na cizonsa, don ya ga dutse. Shi ya sa kowace matsaya muke ba ta labarinta. Kogo yana da maharbin da ya ɓace a ciki, labarin da abokin aikina Dogo ya gada a wajen kakansa, shi ma ƙirƙira ya yi. Mazubar ruwa tana da aljanunta. Kogi ne kawai ba shi da komai. In mun kai baƙi can sai su yi ta hamma, kowa ya ɗaga waya sama yana neman sabis, ni kuwa in tsaya ina jin kaina kamar mai tallan da kayansa suka yi kwantai.

Wata rana, bayan kin tafi da 'yan makonni, ina tsaye a kan dutsen nan kewarki ta cika mini ƙirji, sai bakina ya suɓuce na ce, “Wata ta taɓa yin kuka a nan.” Allah ne shaidata, so nake kawai in ambace ki, ko da a gaban waɗanda ba su san ki ba. Sai wurin ya yi tsit, kowa ya mai da wayarsa aljihu. Ya abar ƙaunata, ɗan jagora ya san wannan shirun kamar yadda masunci ya san motsin ƙugiyarsa. Da a ce ni mutum ne, da a nan na tsaya.

Ban tsaya ba. Kashegari na ƙara gishiri, jibi na ƙara yaji. Na ce yarinyar ta fi farin wata kyau, wannan kaɗai ne ban yi ƙarya ba. Na ce dangin miji ne suka kori uwar da tsakar damina, ba tausayi ba tsoron Allah. Da na ga idon mata yana kawo ruwa a wannan gaɓa, sai na ƙarasa aika-aikar: na ce ambaliya ta cinye uwar a tsakiyar kogi, hular jaririyarta a hannu. Na kashe miki uwa da bakina don in ji baƙi sun ce wayyo! Dogo ya ɗauka, mai kwale-kwale ya ɗauka, maigidanmu ya ji daɗi ya raɗa wa wurin suna Dutsen Marainiya. Mata suka riƙa zama daidai inda kika zauna, su yi tagumi, a ɗauke su hoto. Ni kuma kullum da yamma in kira ki in ce miki ke ce sirrin zuciyata. Wane irin sirri ne wannan da ake shelarsa safe da yamma?

Ranar da dubuna ta cika, babbar mota ce ta kawo baƙi, sun yi yawan da ba na gane fuska. Ban san kin taho da Gwaggo ba, don ta ga wurin da za ki zauna, ta kuma ga mutumin da kika ce mata yana da hankali. Kun iso mun riga mun gangara, mai girkinmu ta ce ku bi sahu za ku same mu a kogi. Ni kuwa ina da salo: in na zo wajen mutuwar uwar sai in juya wa jama'a baya, in fuskanci ruwa, in sassauta murya, don na lura ya fi kama jiki. Haka na yi. Na zagi dangin miji son raina, na nutsar da uwar, na bar hular tana yawo a kan ruwa. Sannan na juyo a hankali in karɓi tafi, sai idona ya faɗa cikin naki.

Da ƙasa tana da tausayi da ta buɗe a lokacin. Gwaggo, ƙanwar mahaifinki, matar da ta hana kanta barci ta raine ki, tana tsaye da lema a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, “Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe mu ne mugayen.” Ke kuwa ba ki yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan zafi. Da baƙi suka jero suna damƙa mini ɗan abin goro kamar yadda suka saba, sai kika bi layi kamar kowa. Kika buɗe jaka, kika sa mini naki a tafin hannu, kika ce, “Sannu da aiki, ɗan jagora. Ka iya labari.” Na sha zagi a rayuwata, na sha mari ina yaro, amma ban taɓa jin abin da ya ƙona ni kamar wannan sannu ba.

Me zan ce miki, ya farin watana? In ce so ne ya sa? Wane so ne yake kai zanin masoyiyarsa kasuwa ya baje? In ce ban ambaci sunanki ba? To ai ɓarawo ma ba ya rubuta sunan mai kaya a jikin abin da ya sata. Kin ba ni abin da kika ɓoye tun kina goye, na juya shi na mai da shi abin kallo, tsakanin kogon jemagu da dorina. Kunya ta hana ni kallon mai girki, ta hana ni zama cikin abokan aiki, har biran nan in suka zuba mini ido sai in ga kamar sun san abin da na yi.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na tsaya a kan dutsen na gaya wa baƙi cewa ƙarya ce, ni na ƙaga, ba wadda ta nutse a nan. Suka yi dariya, suna zaton wani sabon salo ne. Na roƙi Dogo ya bari, ya dafa kafaɗata ya ce, “Kai ka haife shi, abokina, amma yanzu ya yi ƙafa. Har can tsallake ana ba da shi.” Magana zarar bunu ce, na sha faɗa wa wasu, sai yanzu na san nauyinta. Na ajiye sandar jagora na ce wa maigida ya mai da ni kafa tantuna da ɗibar ruwa, ya yi ta faɗa, daga baya ya ƙyale ni.

Ga abin da ya sa na rubuto, don da neman gafara ne kawai da kunya ba ta bar ni ba. Ranar kasuwar kan iyaka da ta wuce, da hantsi, ina tsugune ina ɗinke wani tanti da ya yage, sai ga wata dattijuwa da ƙunshin tabarmi a ka, zaninta a jiƙe har gwiwa, alamar ta mashigi ta ratso. Ta sauke kayanta ta ce, “Kai ne ka fara ba da labarin dutsen can?” Na ce ni ne, Inna. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, “Wa ya gaya maka uwar ta mutu?” Allura ta faɗi daga hannuna. Ta gyara bakin mayafinta, ta kalli ƙasa, ta ce da wata murya can ciki, “Yarinyar fa? Ta girma lafiya?”

Ya rabin raina, komai yana kan harshena a lokacin: sunanki, aikinki, garinku, har yadda kike karkata kai in kina sauraro. Bakin nan da bai taɓa hutawa ba ya buɗe da kansa. Na cije shi. Na ce, “Inna, ki gafarce ni. Labarin yana da mai shi, kuma na riga na yi mata sata sau ɗaya.” Ta gyaɗa kai kamar ta gane. Ta ce duk ranar kasuwa takan haye, takan baje tabarminta a gindin marken da ke kusa da shingen jami'an iyaka. Ba ta faɗi sunanta ba, ban tambaya ba. Na taimaka mata ta aza kayanta, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Ban san ko ita ce ba, ba zan ƙara miki ko kalma ɗaya a kan abin da na gani ba. Ruwan nan ya haye da uwaye da yawa, wataƙila wata ce daban da nata mikin. Kada kuma ki lissafa mini wannan a cikin alheri. Wanda ya cinna wa rumbu wuta ba ya neman lada don hasken ya nuna wa wani hanya. Ban gaya wa Dogo ba, ban gaya wa yayana ba, ba wanda ya sani sai ke. Ko ki gaya wa Gwaggo ko ki bari, ko ki zo ko ki ƙona takardar nan, duk naki ne, yadda ya kamata ya kasance tun farko. Abu ɗaya kawai na sani a matsayina na ɗan wurin: hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka kogi zai cika, mashigi ya rufe, masu tabarmi ba za su ƙara hayowa ba sai bayan damina.

Ina son ki, ya sanyin zuciyata, son da ya fi ƙarfin bakina, kuma yau na gode wa Allah da ya fi ƙarfinsa. Ina son ki dawo mini, ba zan ɓoye ba. Amma ba don ni nake cewa ki zo ba. In kin sauka a tasha, kada ki biyo ta sansani. Ki miƙe titin kasuwa, ki bar rumfunan masu hatsi a hannun hagu, za ki hango marken tun daga nesa. Hanyar a fili take, ba ta buƙatar ɗan jagora.

Naki ne ni, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, ba zan kalli wata ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Mai kafa tantuna a bakin iyaka,
wanda yake jiranki bakinsa a rufe.